Allon Gilashi da Dokar Kwanon Gidana

Allunan gilashin nan sun zo makarantar garinmu bayan cutar da ta sa aka rufe makarantu, kafin canjin kuɗin da ya sa mutane wuni a layi a Daura. In ana son a matso kusa, to a shekarar ce katangar gidana ta gabas ta zube da ruwan marka, gero ya yi kyau, wake ya ƙi. Ni da haka nake riƙe shekaru. Ban yi boko ba, karatun allo ma iyakar abin da zan yi salla na samu, amma ba a taɓa kama ni na sa wani abu a shekarar da ba tasa ba.

Garinmu yana ɓangaren Sandamu. Tsakanin gidana da makarantar firamare lungu ɗaya ne, in ana dukan ƙararrawa har awakina sun san lokacin. Makarantar ba ta da wuta. Ni kuwa ɗana na biyu, mai tuƙin mota a Kano, ya kafa mini sola a kan rufin ɗaki saboda fanka da fitila. Wannan solar ce ta jawo ni cikin maganar, in ba haka ba babu abin da ya haɗa ni da boko.

Wata rana bayan azahar malamar aji uku ta yi sallama. Yarinya ce doguwa, 'yar cikin Daura, kullum a kan babur ake kawo ta. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce, “Iya, alfarma muka zo nema.”

Na ce, “In ba ta fi ƙarfina ba.”

Ta ce an kawo musu kwamfutocin hannu na koyar da yara karatu, amma sai an ba su wuta kullum. Ko zan yarda a riƙa kawo su wurina in an tashi, a ɗauka da safe?

Na ce na yarda, da sharaɗi biyu. Akwatin da ake zuba su a ciki a ɗakina zai zauna, ba a zaure ba. Kuma ban da ni da ita babu mai buɗe shi, ko da hedimasta ne. Ta yi dariya ta ce ta ji. Sau ɗaya ta nuna mini yadda ake soka musu waya, ban sake tambaya ba.

Abin bai fi faɗin marfin ƙaramar samira ba, sai dai shi kusurwa huɗu gare shi. In yana kashe baƙi ne wuluk, kana ganin fuskarka a ciki. In an kunna shi sai hotunan 'yan ajin su fito. Yaro ya taɓa fuskarsa, sai muryar wata mata ta gaishe shi, da Hausar Kanawa, ta fara yi masa tambaya: ina baƙin kaza, haɗa wannan da wannan, karanta abin da ke ƙarƙashin hoton akuya. In ya dace sai tauraro ya fito. Allon yana tara wa kowace fuska taurarinta, malama kuma tana gani a nata. Yara suna ce masa allo, ni na ƙara masa gilashi don kada a haɗa shi da na katako.

Allunan ba su kai yawan yaran ba, ko kusa. Sai malama ta raba su biyu-biyu, uku-uku, kuma don kada a yi faɗa sai ta haɗa 'yan gida ɗaya a kan allo ɗaya. A ganinta dabara ce. Ni ma da ta gaya mini cewa na yi ta yi tunani.

Jikokina biyu ne a ajin, duka mata. Babbar 'yar ɗana na fari ce, ƙaramar 'yar direban nan ce, uwarta ta rasu tana goye, a hannuna ta tashi. Tsakaninsu bai kai shekara ba: an haifi ɗaya ana shuka, ɗaya an gama sussuka. Amma a gidana ko kwana ɗaya ka girmi mutum ka girme shi. Kwano ɗaya suke ci. Babba ke fara sa hannu, babba ke fara ɗaukar nama, ƙarama ba ta tashi daga kan kwano sai babba ta tashi. In na dawo daga kasuwa da rake ko ƙuli, babba nake miƙa wa, ita ta raba. Haka aka yi mini, haka na yi wa 'ya'yana, kuma a garin nan in ana misalin gidan da yara suka san na gaba da su, gidana ake fara ambata. Ba yabon kai ba ne, kowa ya sani.

Shekara ta yi nisa, saura mako biyu a yi hutun ƙarshe, malama ta kawo akwati ta ƙi tafiya. Ta zauna a bakin tabarma tana murza zoben hannunta.

Na ce, “Faɗi, ba na cizo.”

Ta ce, “Iya, ƙaramar ce. Da wuya ta wuce aji huɗu.”

“Wace ƙaramar?”

“Taki. Babbar kam ta fi kowa taurari a ajin. Amma ita ƙaramar allon ya nuna kusan babu komai. Hedimasta kuma ya ce bana da abin da allo ya tara za a duba wanda zai wuce da wanda zai maimaita.”

Na ce, “Malama, wa kike jin yake karanta mini takardar maganin hawan jini? Wa ya karanta mini rubutun jikin buhun taki har ya gaya mini ba irin na bara ba ne?”

Ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai. Yaran sun yi mata yawa, ba ta iya tsayawa a kan kowa, ita ƙaramar kuma ba ta ɗaga hannu. “Amma Iya, allon ba ya ƙarya. Abin da aka yi a kansa shi yake rubutawa.”

Ban yi mata musu ba. Da ta tafi na kira yarinyar, tana ba awaki dusa.

“Ke, me ya hana ki taurari?”

Ta ce, “Kaka, ke da ko baƙi ɗaya ba ki sani ba, ina ruwanki da taurari?”

“Ja'ira. Ni na haifi uban da ya saya miki takalmin zuwa makarantar.”

“To ki tambaye shi.”

Ta yi dariya ta koma wurin awakinta. Muna irin wannan wasan da ita kullum, amma ranar na lura ba ta kalle ni ba.

Washegari na ɗaura zanena mai kyau, na yafa gyale, na bi bayan akwatin. Tun da aka gina makarantar ban taɓa taka cikinta ba, ko ranar zaɓe a bakin ƙofa ake kafa mana akwati. Hedimasta yana tsaye a gindin darbejiya, sa'an ɗana na fari ne, tare suka yi kiwo. Da ya gan ni sai ya washe baki.

“A'a, Iya! Aji nawa za mu sa ki?”

Na ce, “Wanda ake koya wa hedimasta ya fara gaisuwa kafin tambaya.”

Ya cire hula ya durƙusa yana dariya. Ya sa aka ba ni benci a can bayan ajin.

Da farko yaran sun yi ta waiwaye, daga baya suka manta da ni. Malama ta raba alluna, ta ce, “A riƙa karɓa-karɓa, kowa ya taɓa fuskarsa.” Suka amsa da ƙarfi, “To, malama!” Aji ya cika da muryar matar nan ta Kano, ta ko'ina tana tambaya.

Na zuba wa nawa ido. Malama ta miƙa allon, babbar ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a cinya, ta taɓa fuskarta. Ƙaramar ta zauna a gefen kafaɗarta, ta ɗan ja baya, hannuwanta a kan gwiwa. Na san wannan zaman. Shi ne zaman da take yi a gaban kwano kafin yayarta ta sa hannu. Matar cikin allon ta yi tambaya, leɓen ƙaramar ya motsa, yatsan babbar ya tafi inda aka ce, tauraro ya fito. Aka sake tambaya, aka sake haka. Har aka kaɗa ƙararrawa hannun ƙaramar bai bar gwiwarta ba.

Sai na ɗaga kai na duba sauran. Ni na san gidan kowane yaro a ajin nan, na san wanda aka riga haifa, wasu ma ni na yanke musu cibiya. Duk inda na duba, allo yana hannun babba. Wuri ɗaya kawai na ga ana fizge-fizge, wurin 'yar mutumin kudun nan mai sayar da kayan gyaran babur, ita ba ta da 'yar'uwa a ajin sai aka haɗa ta da wasu biyu. Tana cewa, da Hausarta tas, “Kin yi naki, ba ni nawa!” Su uku duk suna da taurari.

Da aka fita hutun tara na kira malama gefe na gaya mata abin da na gani. Ta riƙe haɓa.

“Amma Iya, kin ji da kunnenki na ce su yi karɓa-karɓa.”

Na ce, “Kin faɗa. Ke bana kika fara faɗa, mu tun suna rarrafe muke faɗar tamu.”

Ta ce to za ta raba 'yan gida ɗaya. Na ce ta raba, amma duk wanda ta haɗa su da shi sun san wa ya girmi wa, garin ba shi da girma. Na ce ta bar mini allon jikokina a waje in ta kawo akwati, zan gwada wani abu.

Da na koma gida na zauna ina tsince wake ina juya maganar. Ban ga laifin dokata ba, har yau ban gani ba. Amma dokar gidana biyu ce, yaran ɗaya suka ɗauka suka kai makaranta. Abin daɗi babba ke farawa. Aiki kuwa, shara, aike, ɗebo ruwa, kai wa kaji tsaki, in babba da ƙarami suna zaune ƙarami ke tashi.

Bayan la'asar ƙaramar tana sharar tsakar gida, babbar tana zaune a kan turmi tana cin gyaɗa. Na fito da allon na ajiye a kan tabarma, na kira su.

Na ce wa babbar, “In na kawo tsire wa ke fara ɗauka?”

“Ni.”

“Tsintsiyar can fa, don me take hannun ƙanwarki?”

“Ai aiki ne, Kaka.”

“To wannan abin, tsire ne ko tsintsiya?”

Ta dubi allon ta ce, “Abin daɗi ne mana. Har waƙa yake yi.”

“In mutum bai yi ba, ana tambayarsa dalili?”

“Ana tambaya.”

“Ana hana shi wucewa aji?”

“Ana hanawa.”

Na ce, “Ban taɓa jin an tsare mutum don bai ci tsire ba. Wannan aiki ne. Daga yau ƙarama ke fara ɗauka, ta yi nata ta gama, sannan ta miƙa miki.”

Na ji daɗin kaina da wannan magana, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka na gama. Na tura allon gaban ƙaramar, ta jingine tsintsiya, ta goge hannu a zane, amma ba ta ɗauka ba.

Ta ce, “Kaka, in na yi nawa, zan iya zama kusa da Yaya in tana yin nata?”

“Don me?”

Ta saci kallon yayarta. Babbar ta daina tauna gyaɗa.

Na ɗauki allon na miƙa wa babbar, na ce ta taɓa fuskarta. Matar ta gaishe ta, ta nuna mata hoton rijiya da rubutu uku a ƙasa, ta ce ta zaɓi wanda ya dace. Leɓen ƙaramar ya fara motsi. Na ce, “Ke, rufe bakinki, koma bakin murhu.” Ta koma. Babbar ta daɗe tana kallon gilashin, yatsanta yana yawo a sama. Ta taɓa ɗaya, matar ta ce ta sake gwadawa. Ta taɓa wani, matar ta sake cewa haka, da murya mai daɗi, kamar ba komai. Aka kawo hoton kaza, haka. Aka kawo hoton keke, haka. Sai ta kife allon a kan tabarma ta shige ɗakin uwarta.

Ƙaramar ta dawo ta durƙusa a gabana. Wasa ya ƙare, ba ta ce mini tsohuwa kamar yadda ta saba ba.

“Kaka, don Allah kada ki gaya wa malama. Zan yi nawa in yi nata. Ina da sauri, mako biyu ya ishe ni. Sai mu wuce tare.”

Na ce, “Tun yaushe kika sani?”

“Tun farko.”

“Kuma kin san za a bar ki a aji uku?”

Ta ce, “Ai ita ce babba.”

Na sallame ta. Abin da ta roƙa mai yiwuwa ne, kuma da na yi shiru babu wanda zai sani. Uwar babbar ta gama zagaye gidajen biki da labarin taurarin 'yarta. Ubanta kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in tsaya ina yi masa bayanin 'yarsa. A gidana kuma ba a taɓa yin ƙaramin da ya shiga gaban babba ba, ko a aure, ko a kaciya, ko a zuwa kasuwa.

Abin da ya tsaya mini shi ne takardar magani. Akwai ƙwayar da nake sha ɗaya da safe, akwai wadda ake sha rabi. Na tuna wata rana ƙaramar ta tafi aike na miƙa wa babbar takardar, sai ta ce idonta na ciwo. Ranar na yarda. Na ce a raina wata rana wani zai miƙa mata irin wannan takardar don an ce ta yi aji shida, ƙanwarta kuma tana wani gari.

Da safe malama ta zo ɗaukar akwati na gaya mata duka, ban rage ba. Ta zauna a kan akwatin. Sannan ta ce, “Iya, kin san ba gidanki kaɗai zai shafa ba.”

Na ce, “Na ƙirga su jiya daga kan benci.”

A makon nan hedimasta ya sa tebur a gindin darbejiya, ya riƙa kiran 'yan aji uku ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai da allo. Kwana uku ana yi. Wasu manyan sun tsaya da ƙafarsu, ashe sun iya, ƙannensu ne ba su samu taɓawa ba. Wasu kuma suka zube kamar tawa. Ƙaramar da aka kira ta, an ce sai da ta waiwaya ta nemi yayarta da ido kafin ta ɗauka. Hedimasta ya ce matar cikin allon ba ta gama tambaya take amsawa.

Ƙaramar ta wuce aji huɗu. Babbar ta maimaita aji uku.

Ranar da aka ba da sakamako surukata, uwar babbar, ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa. Mace ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

Ta ce, “Iya, a gidan nan an taɓa ganin ƙarama ta wuce babba?”

Na ce, “Ba a taɓa ba. Yau an gani.”

“Da kin bari ai da sun tafi tare.”

“Da sun tafi.”

Ta tashi ta koma ɗakinta. Mata biyu a unguwarmu sun daina aiko mini da tuwon suna har aka yi girbi. Ɗaya ta aiko a gaya mini wai tsohuwar da ba ta san baƙi ba ita ke raba wa 'ya'yan mutane aji. Na ce a gaya mata gaskiya ne, ban san baƙi ba, zama na sani.

Dokar kwano ban taɓa ta ba. A daren sakamakon aka ajiye musu tuwo, ƙaramar ta zauna hannu a gwiwa kamar kullum. Babbar ta juya baya ta ƙi sa hannu. Tuwo ya huce, ƙaramar ba ta taɓa ba. Kwana biyu ana haka, sai dai kowacce ta sha fura a ɗakin da ta ga dama. A na uku babbar ta jawo kwanon da ƙarfi har miya ta zuba, ta ɗauki naman ta ce, “Ci mana, ko shi ma sai kin karanta mini?” Suka ci.

Da aka koma makaranta malama ta canza tsari. Allo yana fara zuwa hannun ƙarami, kuma in ana yi wa ɗaya tambaya sauran su juya baya. Na ji yaran da kansu suna cewa allo aikin ƙanana ne, har manyan suna tura musu. Babbar ta sha wuya a shekarar, ta yi kuka ba sau ɗaya ba. Wajen tsakiyar rani ta shigo ɗakina ba sallama, ta ɗauki kwalin magani a kan taga ta ce, “Rabin ƙwaya, bayan an ci abinci.” Ta ajiye ta fita. Ban kira ta ba.

Cikin waɗanda aka yi wannan da su, hedimasta ya rasu bara da azumi, Allah ya ji ƙansa, ya iya durƙuso. Ɗaya daga cikin matan da suka yi fushi da ni ita ma ta rasu, mun shirya kafin nan; ɗayar tana nan, muna gaisawa a taƙaice. Malama tana da rai, an mai da ta wata makaranta wajen Baure, da salla takan aiko mini da goro. Mutumin kudu yana nan a shagonsa, 'yarsa har yanzu ba ta barin kowa ya ci rabonta. Allunan wasu sun daina ɗaukar wuta, waɗanda suka rage har yau a ɗakina suke kwana. Surukata tana nan, ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Jikokina biyu suna nan, aji ɗaya tsakaninsu. Ƙaramar ce ta rubuta wannan daga bakina, don rubutu aiki ne. Da ta gama babbar ce ta fara karantawa. Sai ni, ina nan, ina shan rabin ƙwayata bayan an ci abinci.